Shawarar da Dankure Ya Ba Ƙanensa

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, in ka shiga Argungu ka ce kana da niyyar zuwa Makka, ba wanda zai tsaya yi maka dogon bayani. Hannu kawai za a ɗaga a nuna maka bakin gulbi, a ce, "Tai wurin Alhaji Dankure." A can za ka tarar da shi gindin wata tsamiya, ƙafar hagu a miƙe don gwiwar ba ta lanƙwasuwa, yana ɗinkin homa, ragar nan ta masu su. Dogo ne, baƙi, da ɗan gemu irin na bunsuru. Allah kuma ya ba shi murya wadda in ya yi maka raɗa, na ƙetaren gulbi ma ya ji.

Masunci ne ɗan masunci, ba malami ba, ba attajiri ba. Abin da ya ɗaga shi a garin guda ɗaya ne tak: ya je Makka da ƙafarsa. Yana saurayi ya bi wani ayari, suka yi gabas ta Kano da Barno, suka ratsa ƙasar da Faransi ke mulki a gabashin Barno, suka faɗa Sudan. Inda abin hannu ya ƙare sai a tsaya a yi ƙwadago, a ci damina ɗaya ko biyu, a ƙara gaba. Shekara bakwai ya yi kafin ya sake shan ruwan Rima. Ya dawo da gurguwar gwiwa da giɓi uku da labari cike da baki, kuma tun daga ranar bai sake yin shiru ba.

A faɗi gaskiya, shawararsa ta yi wa mutane rana. Ya san garin da ake sayen takalmi mai ƙwari, da rijiyar da in ka sha ruwanta sai ka kwana uku kana zarya bayan gari. Ya san inda ake riƙe jaki da inda gara a sayar da shi. Amma abin da ya fi nanatawa, har yara suka haddace suna kwaikwayonsa, shi ne maganar zango. Yakan ce duk inda ayari ya sauka zango ne, kuma zango yana da haƙƙi a kan matafiyi. Ka nemi unguwar mutanenmu, ka gaida mai masauki, ka ci abin da ya ba ka ko ba ka jin yunwa. Kada ka yi gaggawa, don madugu ba ya ɗaure kaya sai ya ƙirga mutanensa ɗaya bayan ɗaya. In kuwa ƙaddara ta sa ayari ya bar ka, to kada ka juyo gida da kunya, ka nemi aiki, ka ci gaba. Shekara talatin yana faɗin wannan, kuma shekara talatin maganar tana daidai.

Sai jirgin sama ya shigo. Mutum ya bar gida bayan ƙaramar salla da 'yan makonni, kafin shuka ta yi tsawon gwiwa ya dawo da haƙorin Makka yana washe baki. Masu zuwa gindin tsamiya suka fara raguwa. Waɗanda suke zuwan ma gaisuwa ce da neman albarka, su saurara kaɗan don kara, su wuce Birnin Kebbi wurin ejan mai shirya tafiyar alhazai. Abin ya ci wa Dankure rai ƙwarai, ko da yake ba ya yarda. Yakan ce, "Wanga ai ba hajji ba ne, aike ne." Sai ya ci gaba da ɗinkinsa da ƙarfi har zare ya tsinke.

Mutum ɗaya ne bai taɓa rage sauraronsa ba, ƙanensa Maiwada, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomin shinkafa ne a fadama, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Sakkwato, ita ma sau biyu. Yana ɗan shekara goma Dankure ya tafi gabas, yana ɗan sha bakwai ya dawo, kuma tun daga lokacin in Yaya ya ce rana ta faɗi, Maiwada ba ya ɗaga kai ya duba. Matarsa Safiyatu da 'ya'yansu huɗu suna zaune a sashen bayan gidan gado, katanga ɗaya tsakaninsu da Dankure.

Shekarar da ta biyo bayan mulkin kai, bayan shinkafa ta yi kyau damina uku a jere, Maiwada ya sayar da bijimansa biyu ya haɗa, ya ce zai sauke farali. Ya tafi Birnin Kebbi, unguwar Nassarawa, inda ejan yake da ofis a wani shago mai ƙofar kwano. Aka ɗauke shi hoto, aka yi masa lamba a dantse, aka yi fasfo. Ranar ƙarshe aka tara su su arba'in da 'yan kai a inuwar shagon, jagoran da zai raka su ya yi musu bayani. Sunansa Malam Abdussamadu, magidanci ne mai gilashi, ya yi makarantar boko, kuma wannan ce tafiyarsa ta uku da alhazai.

Da Maiwada ya dawo, gindin tsamiya ya fara zuwa kafin ya shiga gida. Ya durƙusa ya kwashe bayanin duka ya faɗa wa yayansa. Mota za ta kai su Kano. Kaya kada su wuce nauyin da aka yanka, saboda haka salkar ruwa da takalma uku da Yaya ya ce a riƙa, an ce a bar su. Fasfo duk yana hannun jagora. Jirgi zai tashi da safe, ya sauka a Hartum ya sha mai, sannan ya wuce Jidda.

Dankure ya ajiye homa. "Hartum kac ce?"

"Hartum, Yaya. Amma Malam Abdussamadu ya ce in an sauka, kowa shi zauna inda anka aje shi. Ko bayan gida mutum za shi, sai ya gaya mashi."

Dankure ya yi wata dariya mai ɗaci. Hartum. Garin da ya yi wata biyar a cikinsa, uku daga ciki a kwance, zazzaɓi yana neman ransa, wani dattijo ɗan ƙasarmu mai suna Malami yana ɗura masa kunu da ludayi kamar jariri. Shekara talatin yana aika masa gaisuwa ta hannun masu tafiya, ba wanda ya dawo da amsa, ga shi yau ƙanensa na ciki ɗaya zai sauka a garin, wai kuma wani mai gilashi ya ce ya zauna kamar kayan wanki.

Ya ce, "Shi Abdussamadun, ya taɓa taka Hartum da ƙahwa, ko leƙenta yaka yi ta taga? Saurara nan. Hartum zango ce. In kun sauka, ka tambayi unguwar mutanenmu, ka ce gidan Malami mai masauki. Ka gaishe shi, ka ce Dankure na Argungu bai mance ba."

"In jirgin ya tashi hwa, Yaya?"

"Shi tashi shi bar mutum? Wane madugu ka taɓa ji ya ɗaure kaya bai ƙirga mutanenai ba? Ko Bature ne, ai yana da lissahi."

Da kansa ya zaɓi kifi, manyan giwan ruwa biyu, ya yi musu banda kwana uku har suka yi ja, ya naɗe a tabarmar kaba, ya haɗa da goro. Ya ce a rage riga ɗaya a kayan don ƙunshin ya shiga. Ranar tafiya ya raka shi tasha yana ɗingishi, yana ta ƙara masa bayanin lungun gidan Malami, wai akwai wata bishiya a ƙofar da rijiya ta hannun dama. Maiwada yana ta "To, Yaya, to, Yaya," har mota ta tashi.

Ruwan farko ya sauka, an fara huɗa a tudu, sai labari ya zo cewa alhazai sun iso Kano. Ranar da motarsu za ta shigo Argungu, gari ya fita tarya. Safiyatu ta yi fura tun safe, ta yi wa yara wanka. Dankure ya sa rigarsa ta Juma'a ya tsaya a gaba. Alhazai suka riƙa saukowa ɗaya-ɗaya da hular nan ƙwaryar Makka a ka, ana rungume su, mata na guɗa. Ya ƙirga bakwai. Takwas suka tafi daga ƙasar Argungu. Ya leƙa cikin motar, babu kowa sai kaya. Aka sauko da wata jaka, ya gane ta, don shi ya ɗaure bakinta da igiyar homa.

Wanda ya riƙo jakar shi ne Tamba, mutumin Gulma, wanda suka zauna kujera ɗaya da Maiwada a jirgi. Ya ja Dankure gefe, ya kasa kallon idonsa.

"Alhaji, rasuwa yay yi?" Dankure ya tambaya, muryar nan tasa ta koma ƙarama.

"Ba mu sani ba. Tun Hartum rabonmu da shi, wajen tahiya."

Tamba ya ba shi labari tiryan-tiryan. Sun sauka da azahar, aka zaunar da su a wata rumfa ana zuba wa jirgi mai. Aka yi salla. Maiwada ya ga wani mai shara yana jin Hausa, ya tambaye shi unguwar mutanenmu, mai sharar ya nuna masa da tsintsiya ya ce ba nisa. Sai ya ciro ƙunshi a jaka, ya ɗauki butarsa, ya ce wa Tamba, "Riƙa mani, in kai saƙon Yaya in dawo." Tamba ya tuna masa abin da jagora ya ce, ya amsa da cewa Yaya ya san garin. Ya bi ta bayan rumfar ya fita. Da aka ce a shiga jirgi, Malam Abdussamadu ya ƙirga ya ga babu ɗaya, ya yi ta gudu yana kira, ya roƙi Baturen da ke tuƙin jirgin har da durƙusawa. Baturen ya duba agogo, ya ba shi ɗan lokaci kaɗan, sannan ya sa aka rufe ƙofa. Wajen dawowa kuma jirgin bai bi ta Hartum ba.

Dankure ya ji duniya ta juya masa. Mutum ba fasfo, ba kuɗi a jiki sai abin da ba a rasa ba, ba ya jin Larabci sai na salla, a garin da bai san gabas ba bai san yamma ba, da bandar kifi a hammata. Kuma ba wani ya tura shi ba. Ya waiwaya, sai ya ga Safiyatu tsaye can baya da ƙwaryar fura a hannu. Ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ta dai juya ta nufi gida, yaran suka bi ta.

Washegari da sassafe ya hau motar Birnin Kebbi. Ya shiga shagon ejan da niyyar ya ci kwalar Abdussamadu, amma da ya gan shi sai ƙarfin ya tafi. Mutumin ya rame, ya ciro fasfon Maiwada daga aljihun tebur ya ajiye a gabansa. Ga hoton, ido a zare kamar wanda aka tsorata.

Abdussamadu ya ce, "Baba Alhaji, sau uku na faɗa musu, a nan da Kano da cikin jirgi. Duk cikinsu ba wanda ya kai shi jin magana. Har yau na rasa abin da ya fitar da shi."

Dankure ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Ni na hidda shi."

Ya faɗi yadda aka yi, bai rage komai ba. Abdussamadu ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Bai zage shi ba, kuma da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce sun riga sun buga waya Kano, Kano ta buga Hartum, an ce ana dubawa. Ya ce ya dawo bayan mako biyu.

Bai jira mako biyu ba. Bayan kwana huɗu yana ƙofar shagon. Daga nan abin ya zama masa aiki: Litinin da Alhamis yana Nassarawa, zaune a dakalin ƙofa tun kafin a buɗe, har masu sayar da albasa na gefen suka san shi suna matsa masa wuri. Amsar ɗaya ce kullum, ana dubawa. Ya roƙi a sa shi a jirgi a sauke shi Hartum kawai, shi ya san lungunan. Abdussamadu ya yi masa bayani a hankali cewa jirgin alhazai sai wata shekara, na kullum kuwa ko ya sayar da kwalekwalensa da homarsa da tsamiyar ma, ba za su kai shi ba. Ya je Sakkwato, ya kwana biyu a ƙofar wani ofis, aka rubuta sunan Maiwada a takarda aka ce ya koma gida. Ya bi malamai. Wani ya ce yana raye a kusa da ruwa, wani ya ce ya ga farin ƙyalle, Dankure ya fita bai tsaya jin fassara ba. Duk motar da ta fito daga gabas ta tsaya a tashar Argungu, sai ya leƙa fuskokin mutane ɗaya-ɗaya, har direbobi suka fara cewa tsohon ya taɓu.

Ga gona kuma ba ta jira. Shinkafar fadama in ba a watsa iri kafin ruwan gulbi ya hau ba, shekarar ta wuce. Dankure, masuncin da bai riƙe garma ba tun yana yaro, ya shiga laka da gwiwa ɗaya da rabi. Yakan yi kunya biyu ya zauna, ya yi biyu ya zauna. Rabin gonar ya samu ya shuka, ruwa ya cinye sauran. Abin da aka girbe bai kai su bazara ba, sai da kifinsa.

Amma duk wannan bai kai masa Safiyatu ba. Tsakanin mace da yayan mijinta akwai kunya, shekara ashirin suna gida ɗaya ba su taɓa haɗa ido ba, in za ta gaishe shi daga bayan zana take durƙusawa. Yanzu duk ranar da ya dawo daga Birnin Kebbi sai ya tarar da ita a bakin zanar, a tsaye. Ba ta tambaya. Shi zai ce, "Ana dubawa." Ta ce, "To, Alhaji." Ta koma ciki. Wannan "to" ɗin ya fi masa dukan sanda ciwo, don irin na mijinta ne sak.

Wata rana wani magidanci daga Augie ya zo gindin tsamiya, ya yi sallama, ya ce yana da niyya baɗi, an ce ya zo ya ji shawara. Dankure ya ɗago ya kalle shi da jajayen idanu. Ya ce, "Shawarata ita ce kak ka ji shawarata. Tai Nassarawa, abin da mai gilashi yac ce, yi shi." Mutumin ya tsaya yana murmushi, ya ɗauka wasa ne, sai da ya ga tsohon yana lalubar sanda.

Da aka shiga wata na tara, dangi suka fara ƙus-ƙus. Wani kawunsu ya zo da maganar ko a yi 'yar sadaka, a kuma je wurin alƙali a ji shekara nawa shari'a ta ce matar wanda ya ɓata ta jira. Dankure ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi da sauri, ya ce duk wanda ya daka gumba da sunan Maiwada a gidan nan, shi da shi har Lahira. Kawu ya kaɗe riga ya tafi. Ya koma ya zauna, amma a ransa shi ma ya fara ƙirga kwanakin sadakar.

Ana cikin zafin bazara, wata goma sha ɗaya da tafiyar, wani baƙo ya yi sallama da hantsi. Sunansa Hodi, mutumin wani ƙauye ne a bayan Gulma, ya shekara tara a hanyar ƙasa, yanzu yake dawowa da iyalinsa. Ya tambaya ko shi ne Alhaji Dankure. Ya ciro takarda daga cikin hularsa, ta yi laushi da gumi.

"Ƙanenka ya ba ni, a gonakin auduga, kudu da Hartum."

Dankure ya karɓa da hannu biyu. Ya ce a kira Safiyatu. Ta zo ta durƙusa a bakin zana. Da ajami aka rubuta, hannun wani ne, amma maganar ta Maiwada ce, kamar yana tsugune a gabansa. Ya karanta a fili, yana bin layi da yatsa.

"Daga Maiwada zuwa ga Yaya Alhaji, gaisuwa mai yawa. Bayan haka, saƙo ya kai. Malami ya rasu da daɗewa, amma na ishe ɗiyanai, na ba su kihin, sun yi murna, sun ce sun san sunanka. Bishiyar tana nan, rijiyar an rufe ta. Sun kawo abinci, na tuna ka ce ba a ƙin na mai masauki, na ci. Da nid dawo na ishe jirgi ya tashi. Ban ga laihin kowa ba, ni na daɗe. Wasu sun ce in tai wurin hukuma a mai da ni gida, sai na tuna ka ce wanda ayari ya bari ba shi juyawa. Na samu aikin tsinkar auduga, lahiyata lau sai ɗan tari. In an gama za mu yi gabas bakin teku da wasu mutane. Sun ce akwai masu ƙananan jiragen ruwa da ka ƙetarar da wanda ba shi da fasfo. A ce ma mai ɗakina ta yi haƙuri, a shafa kan yara. Yaya, duk abin da ka gaya mani ina riƙe da shi, ban saki ko guda ba."

Safiyatu ta ce, "Alhamdu lillahi," ta sa gefen zane ta rufe fuska. Maƙwabta da suka taru suna ta hamdala, wata tsohuwa har ta soma guɗa. Dankure kuwa ya sake komawa kan takardar. Yatsansa yana nan a kan layin jiragen ruwa.

Ya tambayi Hodi ko za a iya mai da amsa. Hodi ya girgiza kai. Ya ce wata biyu ke nan da rabuwarsu, auduga ta ƙare, masu tsinka sun watse, kuma ba a shiga waɗannan jiragen sai mutum ya tara abin biya, wani shekara ɗaya, wani uku, yana yawo daga wannan gari zuwa wancan. Takarda ba ta samun irin wannan mutum. Sai dai wanda ya san shi ya bi zango-zango yana tambaya.

Bayan mutane sun watse, Safiyatu ba ta tashi ba. Ta lura da fuskarsa. A karo na farko a rayuwarta ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Alhaji, jiragen nan na ruwa, kai ma su ka shiga?"

"Su na shiga."

"Ku nawa?"

"Ashirin da ukku."

"Ku nawa kunka kai?"

 Shekara talatin yana ba da labarin hanyar Makka, ya faɗi rijiyoyi, ya faɗi takalma, ya faɗi kunun Malami, amma wannan wurin kullum tsallake shi yake yi, ya ce "sai muka ƙetare" ya wuce. Bai taɓa gaya wa kowa yadda mai jirgin ya sauke su a wani bakin gaɓa da ba ruwa ba inuwa ba, ya ce Jidda tana bayan tudun can, ya juya abinsa. Bai taɓa faɗin kwana nawa suka yi suna neman bayan tudun ba.

Ya ce, "Biyat."

Ta ce, "To, Alhaji." Ta tashi ta shiga ciki.

Kwana biyu yana jin daka daga sashenta, safe da yamma, da ƙamshin suyar gero. Bai tambaya ba. Shi dai ya rasa inda zai sa kansa. Ya je gindin tsamiya ya kasa zama, ya dawo gida ya kasa zama. Yana shafa gwiwar yana lissafin hanya: Kano, Barno, ƙasar Faransi, da rairayin da ke bayanta, shi da ya ba sittin baya, wanda zuwa masallacin Juma'a sai ya huta sau biyu. Yana tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba lokacin da yake saurayi don a lokacin bai san abin da ke gaba ba.

A rana ta uku da hantsi yana zaune a zaure, sai ga ta ta fito har ciki, ba lulluɓin kirki, ɗauke da buhun fata a ka. Ta sauke a gabansa da ƙyar. Ya kwance bakin. Soyayyen garin gero ne da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi da daddawa, a ƙasa kuma ga rigar Maiwada, wadda aka rage a kaya don ƙunshin Malami ya shiga.

Ya ce, "Wa yac ce maki tahiya za ni yi?"

"Ba wanda yac ce. Kai ɗai ka san hanyar."

Ya ɗaga buhun ya ji nauyinsa, ya ajiye. "Wanga ya yi ma mutum guda yawa."

Ta ce, "Rabi naka ne. Rabin, in ka ishe shi."

Ya zauna yana kallon buhun. Sannan ya ɗaure bakin, ya miƙa hannu ya jawo sandarsa, ya tambaye ta ko ta ji ƙarfe nawa motar Sakkwato take tashi.